Hanyar Julier Da Hunturu: Inda Babbar Jif Take Ɗaura Sarƙa

A kudu maso gabashin ƙasar Suwizalan, cikin tsakiyar duwatsun Alps na Turai, akwai wata jiha mai suna Graubünden, wadda ta fi dukan jihohin ƙasar faɗi. Babban birninta shi ne Chur, wanda ke zaune a kwarin kogin Rhine, tudunsa daga teku bai cika mita 600 ba. Duk wanda ya tashi daga wannan birni da mota yana nufin St. Moritz, garin nan da ya yi suna wajen wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, to akwai dutse a gabansa. Mashigan duwatsu irin su Albula da Flüela, da zarar hunturu ya kama sai a rufe su, ba a kuma buɗewa sai ƙanƙara ta narke. Mashigin Julier kuwa a buɗe yake shekara duka, sai fa ranar da hadari ya fi ƙarfin ma'aikata. Tsayinsa mita 2,284 ne, kuma a kan wannan hanya ce direba yakan gane cewa ƙarfin injin dabam, riƙon ƙasa dabam.

TSOHUWAR HANYA

Tun zamanin Rumawa ake ƙetare wannan dutse. Har yau a ƙololuwarsa akwai guntayen ginshiƙi biyu na dutse, ɗaya a dama da hanya ɗaya a hagu, saura ne daga wani wurin bauta na Rumawan, an kuma tono kuɗinsu na ƙarfe a wurin. An gina hanyar keken doki a nan daga shekarar 1820 zuwa 1826. A wancan zamani idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, sai a ajiye keke mai ƙafa, a ɗaura wa dawaki keken zamiya, da shi ake kai wasiƙu da fasinja.

Mota ba ta sami shiga da sauƙi ba. A shekarar 1900 hukumar jihar ta hana tuƙa mota a kan hanyoyinta, saboda mutane sun ce tana firgita dawaki, tana ta da ƙura. Har akan ga mota ta iso iyaka, a kashe injinta, a ɗaura mata dawaki su ja ta. Sai a shekarar 1925, bayan an jefa ƙuri'a sau da dama, aka ɗage wannan doka. St. Moritz kuwa ya karɓi wasannin Olamfik na hunturu har sau biyu, a 1928 da 1948, baƙi suka yi ta ƙaruwa, bukatar a bar hanya buɗe da sanyi ta zama tilas.

Hawan sosai yana farawa daga garin Tiefencastel, mai tudun mita 850 ko kusa da haka, daga nan zuwa Silvaplana da ke ɗaya gefen dutsen kimanin kilomita 43 ne. Hanya tana bin kwarin kogin Julia, ta ratsa Savognin, ta bi gefen tafkin Marmorera. Wannan tafki madatsar ruwa ce da birnin Zurich ya gina don samun lantarki, aka gama ta a 1954, kuma tsohon ƙauyen Marmorera yana ƙarƙashin ruwan har gobe. Mutanen kwarin suna magana da Romansh, ɗaya daga cikin harsuna huɗu na ƙasar. Ƙauye na ƙarshe kafin ƙololuwa shi ne Bivio, mai tudun mita 1,769. Ma'anar sunansa mararraba, domin a nan ne tsohuwar hanyar Septimer ta rabu da ta Julier.

Abin da yakan ruɗi baƙo shi ne yadda yanayi ke sakewa a cikin tafiyar sa'a guda. Duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska yana raguwa da wajen digiri 6. Saboda haka mutum yana iya barin Chur ana yayyafi, kwalta baƙa ƙirin, ya iso Bivio ya tarar da duniya fari fat. Dusar ƙanƙara tana sauka kamar shiɓaɓɓiyar auduga, ba ta da ƙara, ba ta da nauyi a hannu. Amma idan tayoyi suka danne ta, rana ta ɗan narkar da samanta, dare ya sake daskarar da ita, sai ta koma kamar gilas. A kan irin wannan hanya, nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yana iya ninka na busasshiyar kwalta har sau goma.

SHUƊIN ALLO

A irin wannan rana ce ake kafa wani allo a bakin hanya, shuɗi, mai da'ira, da hoton taya naɗe da sarƙa. Dokar Suwizalan ta ce daga inda allon nan yake, mota ba za ta wuce ba sai an ɗaura sarƙa a kan aƙalla tayoyi biyu masu jan mota, na gaba biyu ko na baya biyu. Wanda ya yi kunnen ƙashi, 'yan sanda za su ci shi tara, in kuwa ya toshe hanya ko ya jawo haɗari, maganar ta wuce tara. Sau da yawa akan ƙara wani ƙaramin allo a ƙarƙashi, mai cewa ban da motoci masu ja da ƙafa huɗu. Idan babu wannan ƙari, to jif da ƙaramar mota hukuncinsu ɗaya ne.

Wannan rangwame da akan yi wa jif yana da dalili. Ƙaramar mota da tayoyi biyu take ja, in suka sami santsi sai su yi ta juyi a wuri ɗaya. Jif kuwa injinta yana raba ƙarfinsa ga tayoyi huɗu, in ɗaya ta zame sauran su tura. Saboda haka a wajen hawa takan wuce ƙananan motoci da suka kafe, direbanta yana jin babu abin da zai gagare shi. To, a nan ne tarkon yake. Ja da ƙafa huɗu taimakon tafiya ne kawai. Wajen tsayawa, kowace mota a duniya da tayoyi huɗu take kama birki, babu abin da jif ta fi wata da shi. Wajen shan kwana kuma, abin da ke riƙe mota shi ne ɗan wurin da roba ta taɓa ƙasa, wanda faɗinsa bai fi tafin hannu ba sosai a kowace taya. Idan wannan wuri ya zama gilas, babbar jif mai nauyin tan biyu da wani abu za ta sulale kamar kowa, kuma nauyin nata sai ya ƙara wa karon muni. Ƙaramar mota da ta kasa hawa ta tsira da fasinjanta a gindin dutse. Jif ta kai nata can sama, saura saukowa.

Maganin wannan shi ne sarƙa. Wani Ba'amurke mai suna Harry D. Weed, mutumin Canastota a jihar New York, shi ya yi rajistar ƙirƙirar sarƙar taya a shekarar 1904, kuma har yau hikimar ba ta sake ba. Nauyin mota yana danna ƙarfen sarƙa ya nutse cikin ƙanƙara ya cije ta, abin da roba ba ta iyawa.

ZAƁEN SARƘA

Aikin ɗaura sarƙa tun daga gida yake farawa. A jikin kowace taya akwai lambobi, misali 265/65 R17. Na farko faɗin taya ne a milimita, na biyu tsayin gefenta idan aka gwada da faɗin, na uku kuwa girman wili a inci. Da waɗannan lambobi ake sayen sarƙa. Wadda ta yi yawa za ta yi ta dukan jikin mota, wadda ta yi kaɗan ba za ta haɗu ba. Saƙar sarƙa iri biyu ce aka fi sani. Akwai mai kama da tsani, wadda igiyoyinta ke gilma taya ɗaya bayan ɗaya, tana da ƙarfin tura mota gaba, amma tsakanin igiya da igiya roba ce tsirara. Akwai kuma mai saƙar raga, wadda kullum akwai ƙarfe tsakanin taya da ƙasa, ita ce ta fi hana mota zamewa gefe a kan kwana. Kaurin ƙarfen ma ya bambanta. Ƙananan motoci sukan ɗauki mai milimita 7 ko 9, manyan jif kuwa 12 zuwa 16.

Sai babbar tambaya: mai sarƙa biyu, a ina zai ɗaura su, gaba ko baya? Ga mota mai ja da gaba ko mai ja da baya, amsa a fili take, tayoyin da ke ja su ake ɗaura wa. Ga jif kuwa, littafin da kamfani ya bayar tare da motar shi ne alƙali. Wasu kamfanoni sun ce baya kaɗai, domin a bayan tayar gaba akwai bututun man birki da wayoyi da ƙarafan sitiyari, kuma sararin da ke wurin ba ya isar sarƙa, musamman in aka karya kan mota. Sarƙar da ta tsinke bututun birki a kan gangara ta jawo abin da ake gudu. Wasu motocin kuma, waɗanda asalinsu da gaba suke ja, baya na taimakawa ne kawai, an ce a ɗaura musu a gaba.

Kowanne yana da aibinsa. In sarƙa tana gaba kaɗai, kan mota zai bi sitiyari, birki zai kama, amma gindinta yana iya wutsilowa ya riga kan, musamman a gangara. In tana baya kaɗai, mota za ta tsaya a saitinta, amma direba yana iya juya sitiyari ya ga mota ta miƙe abinta. Saboda haka inda littafin mota ya yarda, kuma hanya ta yi muni, sarƙa huɗu ta fi biyu nesa ba kusa ba.

Masu hankali sukan gwada ɗaurawa a ƙofar gida da rana tsaka, sau biyu ko uku, har hannu ya saba. Wanda bai taɓa buɗe jakar sarƙarsa ba sai a bayan Bivio, cikin duhu, iska na kaɗawa, yatsunsa sun sandare, zai sha wuya ainun. Tare da sarƙar akan ajiye safar hannu, da tocila, da ƙaramin shebur, da buhu ko tabarmar roba ta durƙusawa, da riga mai ƙyalli. A sa su a saman kaya cikin but, kada a binne su ƙarƙashin akwatuna.

YADDA AKE ƊAURAWA

Hukuma ta tanadi filaye a gefen hanya musamman don wannan aiki, kuma a nan ya kamata a tsaya, tun mota ba ta kafe ba. Wanda ya ce bari ya ƙara gaba kaɗan, sau da yawa a tsakiyar kwana yake ƙarewa, a durƙushe, motoci na sulalowa ta kansa. Direba zai nemi wuri shimfiɗaɗɗe, ya miƙar da tayoyi, ya ja birkin hannu, ya bar mota a giya, ya kashe injin, ya kunna fitilun gargaɗi, ya sa rigarsa mai ƙyalli. Sa'an nan ya share dusar da ta taru kewaye da tayar.

Da farko zai shimfiɗa sarƙar a ƙasa ya warware ta sarai, kada a bar ko ƙulli ɗaya, domin murɗaɗɗiyar sarƙa ita ce ke tsinkewa. Zai duba ƙugiyoyin da suka haɗa igiyoyin, ya tabbata bakinsu waje yake kallo, in ba haka ba za su ci robar taya. Yawancin sarƙoƙin zamani suna da wata kakkaurar waya mai lanƙwasuwa, wadda ke zama a bayan taya. Zai tura wannan waya ta ƙasa, ta bayan tayar, har bakinta ya ɓullo ta ɗaya gefen. Sai ya kama bakunan biyu, ya ɗaga su sama, ya haɗa su a kan tayar, ya tura wayar ta faɗa baya. Daga nan ya jawo ragar ta lulluɓe taya daidai wa daida, ya maƙala ƙugiyar waje ta sama. A ƙasa kuma akwai wata doguwar sarƙa ta ɗaurewa, yawanci mai launi dabam. Zai zura ta cikin maƙallinta, ya ja da iyakar ƙarfinsa, ya saƙala ragowar da robar da ke bakinta don kada ta yi lilo. Abin da ya yi wa tayar dama, shi zai yi wa ta hagu. Ba a ɗaura wa taya ɗaya a bar 'yar'uwarta.

Akwai mataki guda da gaggawa ke sa mutane tsallakewa. Bayan an ɗaura, sai a tuƙa mota a hankali kamar mita 50 zuwa 100, a tsaya, a sauko. A wannan 'yar tafiya sarƙa ta zauna a jikin taya, ta yi sako-sako, dole a sake ja a ɗaure. Akwai masu tsada da ke ɗaure kansu, amma su ma dubawa ba ta ɓata kome. Idan ana cikin tafiya aka ji ƙarfe yana dukan mota, to a tsaya nan take.

HAWA DA SAUKA

Mota mai sarƙa ba ta wuce kilomita 50 a awa. A Jamus doka ce a rubuce, a sauran ƙasashen Alps kuwa ita ce iyakar da masu ƙera sarƙa da ƙungiyoyin direbobi suke bayarwa. Daga Bivio hanya tana barin itatuwa a baya, ta shiga kwanoni masu kaifi, ta hau fiye da mita 500 kafin ƙololuwa. Dogayen sanduna da aka kafa a gefe su ne ke nuna inda kwalta ta ƙare, ga direba da kuma masu motar share ƙanƙara, waɗanda ke fitowa tun asuba suna turewa suna watsa gishiri. Totur a hankali ake taka shi, sitiyari a hankali ake juya shi, kuma a bar rata mai yawa tsakanin mota da ta gabanta.

A ƙololuwa, kusa da ginshiƙan Rumawa, ruwa yake rabuwa biyu. Dusar da ta narke ta arewa tana bin Julia zuwa Rhine har Tekun Arewa. Wadda ta narke ta kudu tana shiga kogin Inn, daga nan Danube, har Baƙin Teku. Daga wannan wuri zuwa Silvaplana kimanin kilomita 7 ne, a cikinsu hanya tana gangara wajen mita 470, tafkunan kwarin Engadin suna shimfiɗe a ƙasa, daskararru, mutane na yawo a kansu da ƙafa.

A wannan gangara ce sarƙa take biyan kuɗinta. Direba zai sa ƙaramar giya tun kafin kan mota ya sunkuya, ya bar injin ya riƙe ta, birki kuwa ya riƙa taɓa shi sama-sama a inda hanya ta miƙe, ya gama rage gudu kafin ya shiga kwana. In gangarar ta yi tsanani, jif mai ƙaramar giya ta musamman, wadda ake hawan tudu da ita, tana iya saukowa da ita kamar tafiyar ƙafa. Idan na baya ya matsa, a ba shi hanya a wurin da ya dace. Sannu ba ta hana zuwa.

Da an iso inda kwalta ta fito baƙa, sai a nemi fili a kwance sarƙar. Tafiya da ita a kan busasshiyar hanya tana cinye ƙarfen, tana lalata taya da kwalta, kuma birki ba ya kamawa sosai. Jif irin wadda direba ke sa mata ƙafa huɗu da hannu, ita ma a mai da ita ƙafa biyu, domin a kan kwalta mai riƙo ƙarafanta na ƙasa suna murɗewa a kwana. In an isa masauki, a wanke sarƙar da ruwa saboda gishiri, a shanya ta bushe kafin a mai da ita jaka, in ba haka ba baɗi tsatsa za a tarar.

DOKOKIN MAƘWABTA

Sarƙa ba ta maye gurbin tayar hunturu, wadda robarta ba ta sandarewa da sanyi, mai tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a jikinta. Suwizalan ba ta kafa ranar da za a sa irin wannan taya ba, sai dai ta ɗora wa direba alhakin motarsa ta dace da hanya. Wasu daga cikin maƙwabtanta kuwa sun sa rana. A Ostiriya, daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu, ƙaramar mota ba ta hawa hanya mai ƙanƙara sai da tayar hunturu, ko da sarƙa in dusa ta rufe hanyar, manyan motocin da suka wuce tan uku da rabi kuwa dole su riƙe sarƙa. A Faransa, tun shekarar 2021, yankunan duwatsu da aka zayyana suna bukatar tayoyin hunturu huɗu, ko sarƙa a cikin mota, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. A kwarin Aosta na Italiya, dokar tana farawa tun 15 ga Oktoba. Baƙon da ya yi hayar jif a filin jirgin sama, ya kamata ya buɗe but ya ga sarƙar da idonsa, ya gwada lambarta da ta taya, kafin ya karɓi mabuɗi.

Wanda kuma ya duba sama ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ba a rasa mafita ba. Jirgin ƙasa na Albula yana kai mutane St. Moritz tun 1904. Tun 1999 kuma akwai ramin Vereina mai tsawon kilomita 19, inda ake ɗora mota a kan jirgi daga wajen Klosters, a ɓullo da ita a kwarin Engadin ba tare da ta hau dutse ba. Mutanen duwatsun ba sa ganin wannan a matsayin tsoro. Su da aka haifa a wurin, masu jif da tayoyin hunturu, su ne ake fara gani a durƙushe a filin bayan Bivio suna jan sarƙa idan hadari ya haɗu. Minti goma ne ko sha biyar cikin sanyi, hannu ya yi baƙi, gwiwa ta jiƙe, sa'an nan a shiga mota a kama gangara da iyali a baya. Allah ya kiyaye hanya, amin.